Tayar gwanjon soja ko sabuwa ta kanti: wacce ta dace da motarka ta shiga daji?

Duk mai motar shiga daji da ya taɓa tsayawa gaban tayar soja ya san irin kwarjininta. Haƙora manya-manya, gefe mai kauri, kuma in ta gwanjo ce kuɗinta kan yi ƙasa da na sabuwar tayar kanti mai tsayinta. Dillali zai buga mata ƙafa ya ce, "Alhaji, wannan fa don yaƙi aka yi ta, ba ruwanta da ƙaya." Akwai gaskiya a maganarsa. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne, an auna tayar nan ne da nauyin wata mota dabam, da giyarta, da wilinta, da irin gudun da ake bari ta yi a ayarin soja. Kai kuma Hilux ko Land Cruiser gare ka, kuma rabin tafiyarka a kan kwalta take.

Abin da ake kira tayar soja a kasuwa iri huɗu ne, biyu daga ciki ba sa bukatar dogon zance.

Ta farko ita ce tsohuwar taya mai zare da ake rubuta wa NDT, mai haƙora a kwance hagu da dama da doro guda a tsakiya. Ita ce a ƙafar ƙaramar Jeep ta Willys a Yaƙin Duniya na Biyu da lamba 6.00-16, ita ce kuma a manyan motocin M35 da lamba 9.00-20. An tsara zanenta yadda za a iya ɗaura ta a kowace ƙafa ta kowace fuska. A busasshiyar ƙasa da tsakuwa tana aikinta. A kwalta kuwa, da an yi yayyafi, ba ta da ƙananan tsagar da ke korar ruwa daga ƙarƙashinta, sai ka taka birki mota ta ci gaba da sulalewa. Mai gyara tsohuwar Jeep don sha'awa, wannan tasa ce, har yau ana ƙera sababbi dominsa. Wanda zai hau tsaunin Mambila da iyali a cikin damina, ya bar ta inda ya gan ta.

Ta biyu ita ce ƙatuwar nan ta wili inci 20, irin 395/85R20 ta motocin sulke da na jigilar sojan Amurka, ko 12.5R20 ta babbar motar daji ta Mercedes da ake kira Unimog. Ta farkon tsayinta ya haura mita ɗaya, nauyinta ya kusa kilo 100, galibi ita kaɗai tana ɗaukar fiye da tan biyar, kuma galibi ba a yarda ta wuce kilomita 90 a awa ba. Mai babbar mota da ke kwaso gawayi, hatsi ko kayan tonon rijiya daga lungu zai iya cin moriyarta ƙwarai, domin irin nauyin da aka yi ta dominsa ke nan. Ba maganar ƙaramar mota ba ce.

Saura biyu su ne ke shiga ran mutane: taya mai tsayin inci 37 ta Humvee, motar sojan Amurka, da Michelin XZL ta wili inci 16. Su za mu gwada da tayar kanti, wato irin su BFGoodrich KO2 da KM3, Cooper STT Pro, Toyo Open Country, Yokohama Geolandar da Bridgestone Dueler, a lambobin da aka saba, 7.50R16, 235/85R16 da 265/75R16.

Tayar Humvee da rabin incin da ke hana barci

Tun tsakiyar shekarun 1980 da Humvee ta maye gurbin Jeep a rundunar sojan Amurka ake ƙera ta da yawan gaske. Na farko-farko sun zo da taya mai zare inci 36, daga baya aka koma mai waya, lamba 37x12.50R16.5, mafi yawa Goodyear Wrangler MT, sai kuma BFGoodrich Baja T/A. Da yawa ana cire su da sauran zane mai kauri, ko don an sauya wa motar ƙafafu masu ɗaukar nauyin sulke, ko don sun daɗe a sito, ko don ita kanta motar ta tafi gwanjo, abin da aka fara yi wa farar hula a ƙarshen 2014. Shi ya sa a Amurka ta zama hanya mafi arha ta samun taya inci 37. Can lissafin kan fita, domin tsofaffin manyan a-kori-kura na Ford da Chevrolet da Dodge noti takwas gare su a kowace ƙafa, tazara ɗaya da ta Humvee, wasu ma da wili inci 16.5 suka fito daga kamfani.

Mu nan Toyota muke hawa. Hilux noti shida, tsohuwar Land Cruiser noti shida, samfurin 78 da 79 daga 1999 noti biyar, kuma wilin da aka saba gani a ƙafafunsu inci 16 ne ko 17. Ke nan wilin Humvee ba zai hau motarka ba, tayar Humvee kuma ba za ta zauna a wilinka ba. Kada wani mai faci ya ce maka ai rabin inci ba komai ba ne, za a lallaɓa. A ido wili 16 da wili 16.5 kusan ɗaya suke, amma mazaunin leɓen tayar dabam ne. Tayar 16.5 ba ta kama wili 16. Ɗaya ɓangaren ya fi muni: tayar 16 za ta shiga wili 16.5 lafiya lau, amma leɓenta ba zai kai mazauninsa ba, mai faci ya yi ta ƙara iska yana jiran ƙarar zama, har wayar leɓen ta tsinke tayar ta tashi da shi. Kamfanonin taya na buga gargaɗi a kan wannan a gefen tayoyinsu domin an sha rasa rai a kai. Duk wanda ya shigo da wili 16.5 cikin garejin da kowa ya saba da 16, ya ajiye tarko.

Akwai kuma wata illar. Wili 16 na zamani mazaunin leɓensa kusan a kwance yake, karkatarsa digiri 5 kawai, kuma yana da ɗan tudu a ciki da ke tokare leɓen taya kada ya zame. Wili 16.5 karkatarsa digiri 15 ce, kuma galibi ba shi da wannan tudun, iskar ciki ce kaɗai ke riƙe da leɓen. Ga mai shiga yashi wannan babbar magana ce, domin duk direban da ya san hanyar Yusufari ko ta Agadas zuwa Dirku ya san sai an sace iska mota ke tafiya a kan rairayi. Ka rage iskar tayar 16.5 a wilin farar hula zuwa 15 a geji, ka karya kwana da ɗan ƙarfi, sai leɓe ya ɓalle iska ta fice gaba ɗaya. Soja sun magance wannan da wili mai ɓari biyu da ake haɗewa da noti 8 ko 12 ko 24, da zoben roba a tsakani, da wani abu a ciki da ke danne leɓɓan tayar biyu, haɗe da ɗan ƙaramin wili na ciki da mota ke ci gaba da tafiya a kai in an harbe tayar. Dabara ce mai kyau. Amma in ka haɗa taya da wili da kayan cikin, ƙafa ɗaya kan haura kilo 60, kuma wilin ya lume ciki sosai don ya dace da ƙafar Humvee. Kafin ya hau Toyota sai an yanke tsakiyarsa an yi waldar sabon faranti mai ramukan Toyota. In mai waldar ya kauce ko da milimita biyu ne, sitiyari zai yi ta kakkarwa har ranar da ka gaji ka cire. Sa'an nan wilin nan, in aka fara kwance notinsa da sauran iska a ciki, shi ma kisa yake yi.

Lissafin tsayi

Wannan ya shafi tayar Humvee da babbar XZL, wato 255/100R16, duka. Tayar da Land Cruiser 79 ta saba da ita, 7.50R16 ko 'yar'uwarta 235/85R16, tsayinta wajen santimita 80 da rabi ne. Inci 37 kuwa santimita 94 ne. XZL mai lamba 255/100R16, wadda tsofaffin direbobi suka sani da 9.00R16, wajen santimita 92. Ribar da za ka samu a fili take: cikin motar zai ɗaga da rabin bambancin, wato kusan santimita 7 ga ta Humvee. A hanyar da manyan motoci suka ƙwaƙule suka bar doro a tsakiya, santimita 7 kan raba wanda ya wuce da wanda ya kwana. Ba wata hanya mai sauƙi ta ɗaga tukunyar aksil daga ƙasa sai da doguwar taya, shi ƙarin sifirin, bodi kawai yake ɗagawa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce babbar hujjar masu son tayar soja.

To ga abin da ake biya. Taya inci 37 ta fi ta asali da kusan kashi 17 cikin 100. In maleji ya nuna 100, kana kan 117 ne. Giyar aksil mai 4.30 za ta koma kamar 3.7, wato kowace giya ta ƙara nauyi. Injin Land Cruiser 1HZ mai lita 4.2 da kowa ke yabo don juriya, ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, dama ba gwanin hawan tudu da lodi ba ne. Ka ɗora masa wannan, giya ta biyar ta zama ado, tashi da lodi a kan tudu ya koma cin kuloci. Ita Humvee ba ta jin wannan nauyin domin a kowace ƙafa tana da akwatin giya da ke rage juyi kusan ninki biyu kafin ƙarfi ya isa taya. Don ka maido da motarka daidai sai ka sauya haƙoran aksil gaba da baya zuwa wajen 4.88, aikin da ke son ƙwararren bakanike mai kayan awo, kuma kuɗinsa kan lashe duk rarar da ka samu a kan tayoyin.

Birki ma haka. Faifan birkin bai ƙaru ba, amma nisan da ke tsakaninsa da ƙasa ya ƙaru, don haka ƙarfin tsayawa ya ragu da kusan kashi 14 cikin 100, tun ma ba a sa ƙarin nauyin da ke juyawa a lissafi ba. XZL 255/100R16 ita kaɗai wajen kilo 40 take, kusan ninkin tayar kanti ta asali. Boris, shokozoba, sandunan sitiyari da mahaɗan aksil na gaba duk su za su ɗauki wannan. Land Cruiser mai aksil guda a gaba za ta jure na ɗan lokaci in direban na da sanyin ƙafa. Hilux ta zamani, wadda kowace ƙafar gaba ke da nata hannun, ba a yi ta don wannan ba, kuma sai an yanke madgad da wani sashe na bodi kafin sitiyari ya karyu har ƙarshe. Man da za ka ƙara sha kuwa kullum ne, ko ka shiga daji ko ba ka shiga ba.

Laka, yashi, ƙaya da kwalta

A ƙaya da kututture da duwatsu masu kaifi, XZL ta yi wa tayar kanti nisa, ba gardama. Jikinta duka waya ne har gefe, robar da kauri, an yi ta don motoci irin su Iveco mai ja da ƙafa huɗu da ke ɗaukar nauyi a inda ba hanya. Wanda aikinsa ke kai shi sabuwar gona da aka sare aka bar guntayen itace, ko wuraren haƙar ma'adinai, ya san yawancin tayoyin da yake asara ba suɗewa suke ba, gefensu ke yagewa da sauran zane. A nan XZL na iya biyan kuɗinta. Tayoyin kanti masu gefe ninki uku, kamar KM3 da STT Pro, sun matso kusa a 'yan shekarun nan, amma ba su kamo ta ba. Ita tayar Humvee a wannan fannin ba ta fi su da wani abin a-zo-a-gani ba, taya ce ta laka mai kyau irin ta zamaninta.

A laka kusan kunnen doki ne. Doguwar siririyar taya mai buɗaɗɗun haƙora tana yanka taɓo ta tarar da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, wannan ya dace da burjin da ruwa ya jiƙa. A baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Marte, wadda ke manne wa taya ta cike zanen ta mayar da ita sulɓi, abin da ke ceto shi ne juya taya da sauri ta watsar da lakar, kuma a nan ne ƙarfin injin da ka sadaukar zai yi maka tsiya. Tayar kanti ta laka a lambar asali, da inji mai numfashi, sau da yawa ta fi doguwar da inji ke nishi kafin ya juya ta.

A yashi ne mutane suka fi ruɗuwa. Rairayi ba ya son haƙori, yana son taya mai laushi da za ta baje ta yi dogon tafi in an rage iska. Babbar XZL lambar lodinta 126, wato kilo 1,700 kowace ɗaya, huɗu sun kusa tan bakwai. Land Cruiser 79 da cikakken lodinta tan uku ne da 'yan kai, ba komai a bayanta kuwa tan biyu da kaɗan. Ka rage iska ka koma gefe ka duba, za ka ga tayar na tsaye ƙyam, nauyin motar bai isa ya lanƙwasa ta ba. Sai ka yi ƙasa da iskar ƙwarai kafin ta baje, haƙoran kuma in ka taka mai da yawa tono suke yi. Michelin da kanta ta san haka, shi ya sa ta yi wata dabam don hamada, XS, mai zane marar zurfi. Tayar kanti mai matsakaicin zane irin KO2, da iska 16 zuwa 18, ta fi sauƙin sarrafawa a tudun yashi. Wannan taurin kuma shi ne ke sa motar da ba lodi ta yi ta tsalle a gargada, duk jijjigar da taya ya kamata ta shanye sai ta wuce cikin bodi da bayan direba.

A kwalta ba a ma haɗa su. Harafin da ke bayan lambar lodi shi ke faɗin iyakar gudu: G 90, J 100, K 110, N 140, Q 160. Babbar XZL K ce. Haɗa wannan da malejin da ke yi maka ƙarya da kashi 14 ko 15 cikin 100, za ka ga allura na kan 100 alhali ka wuce iyakar tayar. A hanyar Kano zuwa Maiduguri cikin watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40 a inuwa, taya mai kaurin roba ta fi tara zafi a jikinta kuma ta fi daɗewa ba ta huce ba. Ga ƙugi, ga wuyar balansin, ga doguwar tafiya kafin tsayawa a jiƙaƙƙen titi, domin manyan haƙoran ba su da ƙananan tsaga. Tayoyin kanti na daji yawanci Q ne ko sama da haka, kuma an gwada su ne da tunanin mai su zai yi tafiyar awa biyar a titi kafin ya sauka burji.

Shekaru

Ko da duk abin da ke sama ya yi maka daidai, wannan kaɗai na iya rushe cinikin. Zane ba shi ne lafiyar taya ba. Roba na tsufa ko tana aiki ko tana kwance, iskar ciki na cin ta, rana da zafi na busar da ita, mannewar da ke tsakanin waya da roba na saki a hankali inda ido ba ya gani. Tayar soja ta gwanjo kan zo da zane kamar sabuwa alhali ta shekara goma sha a duniya. Gaskiya ne wasu ana ƙara musu sinadarin hana tsagewa don an san za su daɗe a ajiye, amma wannan fatar waje yake karewa. Araha ba ta ado, in taya ta yi bindiga a gaba kana kan 110 da lodi a bisa.

A gefen taya akwai jerin rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobi uku ka gani, an yi ta kafin 2000, ta tashi daga taya ta koma mazaunin kaji. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani duk shekara in ta cika biyar, a kuma sauke ta in ta cika goma ko da zanenta na nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fi haka tsanani, shekara huɗu take faɗa wa direbobi, kuma jami'anta kan duƙa su karanta lambar a bakin hanya. Ka yarda da huɗun ko kada ka yarda, da su za ka yi mu'amala.

Sa'an nan tayar da aka yi amfani da ita tana cikin jerin kayan da Kwastan ta Nijeriya ta haramta shigowa da su, ban da manya daga 11.00x20 zuwa sama da aka yarda a kawo don a sake musu tafi. Kowa ya san kasuwa cike take da 'yan gwanjo duk da haka, amma wanda zai yi odar saiti biyar daga waje da kuɗinsa ya san abin da zai iya tararwa a tashar ruwa. A yankin da ke fama da matsalar tsaro kuma, duk kayan da ke da kamannin na soja kan jawo tambaya a shingen bincike, don haka rasidin saye ya zauna a aljihun mota.

In ɗaya ta lalace a Potiskum fa?

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da ke ƙafar motocinmu daga waje take zuwa, kuma 'yan kasuwa abin da ke tafiya suke kawowa. 7.50R16 tana tafiya. Land Cruiser na sa ta, Canter da Dyna na sa ta, za ka same ta a Potiskum, a Birnin Ƙonni, a Agadas, a Njamena, ko sabuwa ko ta lallaɓawa zuwa gida. Kowane mai faci ya san ta, yana da tif ɗinta. 37x12.50R16.5 kuwa, in biyu suka lalace a tafiya ɗaya, abin da ke faruwa, motarka ta zauna ke nan sai an aiko daga Legas, in ma akwai. Ba kuma za ka iya cike gurbin da gajeriyar taya ba, domin mota mai ja da ƙafa huɗu in tsayin tayoyinta ya bambanta da yawa, akwatin rarraba ƙarfi da aksil ne ke shan wahalar. Har safayar ma matsala ce: ba ta shiga mazauninta na asali, in aka rataya ta a ƙofar baya ta Land Cruiser 76 ko 80 kuma sai ƙofar ta fara sauka.

A ganina, mutum tara cikin goma da ke wannan tunanin abin da ya dace da shi sabuwar tayar kanti ce mai lambar LT, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, a tsayin asali ko sama da shi kaɗan, 235/85R16 ko 255/85R16 in yana son ƙarin santimita biyu a ƙarƙashi ba tare da taɓa giya ba. Mai yawan kwalta da yashi ya ɗauki matsakaicin zane, mai yawan fadama ya ɗauki ta laka. Wani abin lura ma, su kansu sojojin yankinmu da ƙananan Toyota suke yawancin sintirinsu. A 1987 da irinsu dakarun Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka sa wa yaƙin sunan motar. In ka wuce a-kori-kurar soja a hanya ka saci kallon ƙafafunta, galibi tsayin asali za ka gani.

Wanda zuciyarsa ta kafe a kan ta soja, akwai wadda nake ganin ta fi sauran hankali nesa ba kusa ba: XZL ƙarama, 7.50R16. Ta hau wilinka yadda yake, ba ta taɓa giya ko birki ko maleji, lambarta 116N, wato kilo 1,250 da gudun 140, daidai da nauyin Land Cruiser, kuma tana ɗauke da irin taurin gefen da ake nema. An daɗe ana ganin ta a ƙafar Land Rover Defender na soja da na masu aikin daji. In ɗaya ta mutu a hanya, kowace 7.50R16 za ta kai ka gida. Har yanzu tana ƙugi a kwalta kuma tana son a yi mata a hankali in an yi ruwa, amma wannan ciniki ne da mutum zai iya yi ido buɗe. Babbar 255/100R16 sai ga wanda motarsa kullum cikin lodi take, tafiyarsa a hankali ce a ƙasa mai cin taya, kuma ya shirya sauya giyar aksil da ƙarfafa birki. Ta Humvee kuwa ta mai mota ta biyu ce, wadda ake wasa da ita ranar hutu kusa da gari, ba wadda ake neman abinci da ita ba. Akwai kuma sababbin kwaikwayo masu zanen soja daga Sin da Indiya da Turkiyya. Sun tsira daga matsalar tsufa, amma zanen kawai ka tabbata an kwaikwaya, don haka lambar lodi da harafin gudu da ke jikinsu za ka karanta, ba kamanni ba.

In ka je saye, kada ka karɓi taya a kan wili. A sauke ta ka leƙa ciki da tocila, ka shafa da hannu ko za ka ji kumburi, tsohon faci a gefe, ko baƙin garin roba, alamar an taɓa tafiya da ita ba iska. Duba leɓen ko ƙarfen cirewa ya ɓantare shi har waya ta fito, abin da ya zama ruwan dare ga waɗanda aka zare wa kayan ciki da ƙarfi. Danna gefen da gwiwa ka duba gindin haƙora, can tsagewar tsufa ke fara bayyana, kuma baƙin man da ake shafawa don ta yi ƙyalli ɓoye ta yake yi, sa a wanke. Auna zurfin zanen kowace, kada na gaba da na baya su yi nisa da juna. Lambar DOT cikakkiya a gefe ɗaya kawai take zuwa, sai an juya tayar, in an kankare ta ko an ce maka ta soja ba ta da lamba, ka riƙe kuɗinka. Kuma ka karanta ta a kan dukan biyar ɗin da za a ɗora maka a mota, ba a kan wadda aka jingina a ƙofar shago kaɗai ba.